Jika ashirin da biyar don layi goma sha huɗu: wata tara da sikirif ɗin da ke matse mini tsofaffin rajistoci

Shagon fotokofi gare ni a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke Maradi, kuma shekara uku ke nan da na haɗa da sayar da tiketin Wi-Fi. Na awa ɗaya dala ashirin, na yini dala hamsin. Yawancin masu saye ɗalibai ne, sai ƴan fadar da ke shan shayi a bakin layinmu har dare ya raba. Ni ba masanin kwamfuta ba ne. Aikin sakatare na yi shekara da shekaru, na iya buga takarda da yatsu goma, iyakar ilimina ke nan kafin wannan sana'a ta tilasta mini koyon abin da ban yi niyya ba. Na faɗi haka ne don wanda zai karanta ya san daga bakin wa yake jin labarin aikin da wani matashin injiniya ya yi mini.

A ƙarƙashin teburin shagon akwai wata tsohuwar kwamfuta da na saya hannu na biyu, mai diski na giga 120, Debian ce a kanta, wani nau'in tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta. Aiki biyu take yi: ita ke fitar da tiketi, kuma ita ke karɓar rajistar da rutar MikroTik, na'urar da ke raba Wi-Fi, ke aiko mata, wato bayanin wace waya ta shiga, da wane tike, ƙarfe nawa, yaushe ta fita. Masu sana'ar "log" suke ce wa wannan rajista. Wanda ya fara haɗa mini kayan ya sa duk bayanin yana zuba cikin fayil guda ɗaya, ya karɓi kuɗinsa ya bar gari. Ban taɓa sanin cewa fayil ɗin yana ƙaruwa da wajen mega 350 kowace rana ba.

Na sani a wani dare da ake ƙwallon Turai, samari sun yi layi da kuɗi a hannu, kwamfuta ta ƙi fitar da tike ko ɗaya. Sai wani saƙo da Faransanci cewa babu sauran wuri a diski. Yaron shagona ya nemo fayil ɗin da ya fi kowanne girma, ya kusa giga ɗari, na ce goge shi. Ya goge. Muka duba, diski yana nan cike fal kamar ba a taɓa shi ba. A nan ido ya raina fata.

Wani ɗalibi ne ya ba ni lambar injiniyan. Abin da ya fara faɗa a waya shi ne: "Alhaji, don Allah kada ka kashe injin ɗin, kada ka bari kowa ya kashe shi, ga ni nan." Kafin rabin awa ya iso bisa moto, wajen goma na dare.

Zan ba shi haƙƙinsa a nan, don daren nan ya nuna mini ya san aikinsa. Ya buga `lsof +L1`, ya nuna mini fayil ɗin da muka goge yana nan a jeri. Bayanin da ya yi mini shi ne, a Linux goge fayil cire sunansa ne kawai daga dosiye. Muddin wata manhaja tana riƙe da shi a buɗe, wurin da ya ci ba ya dawowa, kuma manhajar rsyslog, mai rubuta rajistar, tana ta zuba rubutu cikin abin da ba shi da suna. Kamar ka cire allon shago ne alhali kaya na ciki. Da mun kashe kwamfutar, wurin zai dawo, amma rajistar wata goma ta tafi ke nan. Ya bi ta cikin `/proc`, dosiyen da Linux ke nuna manhajojin da ke aiki da fayilolin da suke riƙe da su, ya jawo fayil ɗin, yana matse shi yana zubawa a diskin waje da ya zo da shi. Sai da muka kai kusan sha biyu, ina ta addu'a kada a ɗauke kuran. Ba a ɗauke ba.

Washegari muka yi ciniki. Ya ce jika talatin da biyar zai gyara abin yadda ba zai sake faruwa ba. Na ce sha biyar. Muka tsaya a ashirin da biyar, da sharaɗin in wata matsala ta taso cikin wata uku zai dawo ba tare da ƙarin kuɗi ba. Kuɗin mai na daren jiya daban na ba shi.

Abin da ya yi bai kai awa biyu ba. Ya sa rsyslog ta riƙa buɗe sabon fayil kowace rana, da kwanan wata a cikin sunan. Sannan ya rubuta ɗan sikirif na Bash, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi ɗaya bayan ɗaya, layi goma sha huɗu na ƙirga. Da na ga gajartarsa sai da raina ya sosu: jika ashirin da biyar a kan abin da bai cika rabin shafi ba! Zuciyar aikin ma layi biyu ne:

`find /var/log/wifi -type f -name '*.log' -mtime +7 -exec gzip {} \;`

`find /var/log/wifi -type f -name '*.gz' -mtime +180 -delete`

Na farko yana nemo rajistar da ta wuce mako ya matse ta. Na biyu yana nemo matsattsun da suka wuce kwana 180 ya goge. Ni na zaɓi wata shida. Rigimar tike ba ta wuce kwana biyu zuwa uku, kuma bayanin shigar mutane amana ce, ba na son tara ta har abada a ƙarƙashin teburina. Ƙasarmu ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017.

Matsewar kanta ta ba ni mamaki. Fayil mai mega 350 yana komawa wajen mega 30. Na tambaye shi ko wani abu na ɓacewa a ciki, ya ce ko harafi ɗaya. Rajista maimaici ne: kwanan wata iri ɗaya, sunan rutar iri ɗaya, kalmomi iri ɗaya layi bayan layi. Shi gzip in ya tarar da jerin haruffan da ya riga ya gani a baya kaɗan, ba ya sake rubutawa, sai ya sa alamar "koma baya kaza, kwafi kaza". Ni da na yi rayuwata ina sa alamar maimaici a ƙarƙashin layi a rajistar ofis, nan take na gane. Shi ya sa hoto ko bidiyo ba sa raguwa haka, don an riga an matse su tun asali.

A gabana ya gwada manhajoji uku a kan fayil ɗaya. gzip ce tsohuwar cikinsu, tun 1992, aikin Jean-loup Gailly da Mark Adler. xz ta fi ta matsewa, ta sauko da fayil ɗin kusan mega ashirin, amma sai da na sha shayi na farko da na biyu kafin ta gama, fankar kwamfutar tana kuka. Ya ce a mataki na 9 tana neman fiye da mega 600 na ƙwaƙwalwa. zstd, wadda Yann Collet ya fitar a Facebook a 2016, ta fi su sauri nesa ba kusa ba. Duk da haka gzip ya zaɓar mini, dalilinsa kuwa na yarda da shi: tana kan kowace Linux, kuma duk wanda zai zo bayansa zai gane ta. A watan Afrilu na Maradi, da zafi ke haura digiri 40, ba na son abin da zai ƙara wahalar da tsohon inji don ribar mega goma.

Matsala ta farko ta fito cikin kwana goma. Na koyi buga `df -h` don ganin yawan wurin da ya rage, sai na ga diski yana ta cika kamar dā. Na leƙa dosiyen, babu fayil ko ɗaya da aka matse tun ranar da ya tafi. Na kira shi. Ya zo, ya buɗe jadawalin cron, manhajar da ke tayar da aiki a lokacin da aka sa mata, ga layinsa lafiya lau: `0 2 * * *`, wato ƙarfe biyu na dare kullum. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Alhaji, kana kashe injin da dare?" Na ce awo mana. Rutar ce kaɗai ke kwana bisa batirin sola. Kwamfutar in na bar ta, kafin asuba ta shanye batir, ga kuran da ba a yi masa alkawari. Ashe shi cron ba ya rama abin da ya wuce. In lokacin ya zo injin na kashe, shi ke nan sai gobe, goben ma haka.

Wannan laifinsa ne, kuma na faɗa masa. Ƙarfe biyun dare al'adar manyan injuna ce da ke ɗakunan sanyi, waɗanda ba a kashe su shekara da shekaru. Wanda aka haifa a garin nan bai kamata ya kwafo wannan lokaci ba tare da ya tambaye ni yaushe nake rufe shago ba. Bai yi gardama ba. Ya mayar da aikin kan anacron, wanda ba ruwansa da ƙarfe nawa: yana ajiye ranar da ya yi aiki na ƙarshe, in an kunna inji ya ga yini ya wuce, sai ya jira mintocin da aka ce masa ya yi aikin. Minti goma sha biyar ya sa. Da na yi ƙorafin fitar da tike na yin nauyi da safe, ya ƙara `nice` da `ionice` a gaba, don matsewar ta riƙa ba sauran ayyuka hanya. Ga mai amfani da kwamfutar tafi-da-gidanka, ya ce in faɗa: a Debian anacron ba ya tashi in injin na kan batirinsa, sai an jona shi da wuta.

Akwai wani abu da na ɗauka kuskure ne ashe ba shi ba ne. Na lura rajista ba ta matsuwa sai ta kwana takwas, alhali bakwai aka rubuta. `find` yana ƙirga cikakkun awa 24 ne yana watsar da guntun, kuma `+7` na nufin "fiye da bakwai". Haka abin yake a ko'ina. Na bar shi.

Inda ya burge ni ba tare da na roƙa ba shi ne batun ɗaukewar wuta ana tsakiyar matsewa. gzip yana rubuta sabon fayil ne ya gama kafin ya goge na asali, don haka in wuta ta tafi a tsakiya ba a rasa komai, amma ana barin guntun matsattsen fayil a gefe. Washegari gzip zai tarar da mai wannan suna, ya ƙi rubutawa a kansa, rajistar ranar ta zauna haka har abada. Layi huɗu cikin sha huɗun nan aikinsu ke nan: in an ga na asali da matsattse tare, a gwada matsattsen da `gzip -t`, in ya lalace a cire shi a sake. Sau uku na ga alamar hakan ya faru a damina, bayan iskar da ke zuwa gaban ruwa ta katse wuta, kuma duk ukun ya gyara kansa. Ya kuma sa `flock` don kada sikirif ɗin ya tashi sau biyu a lokaci guda. Da na fahimci waɗannan, na daina ƙirga kuɗina da yawan layi.

Amfanin yau da kullum kuwa, `zgrep` ne. Kana neman kalma cikin matsattsen fayil ba tare da ka warware shi ba. Wani saurayi ya zo yana ɗaga murya cewa tiketin yini da ya saya makon jiya bai yi aiki ba, a mayar masa da dala hamsin ɗinsa. Na buga lambar tiketin, cikin daƙiƙu ga shi: ya shiga ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, bai fita ba sai bayan sha ɗaya. Na juya masa allon. Ya yi dariya ya ce wataƙila ƙanensa ne. Wata rana kuma rajistar ni ta kayar: wata ɗaliba ta ce tiketinta ya mutu bayan minti biyar, na duba na ga gaskiyarta, rutar ce ta sake tashi. Na ba ta sabo.

Yanzu ga abin da ya sa ba zan ba aikin nan cikakken yabo ba.

A wata na biyar, wata ranar Laraba da safe, na lura tiketin da muke bugawa suna ɗauke da kwanan watan da ya wuce da fiye da shekara. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfuta, mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu; tun ranar Talata injin ya tashi da tsohon kwanan wata ba mu lura ba. Na gyara agogon da hannu, na ci gaba da harkata. Ranar Alhamis wani maƙwabci ya zo da magana mai nauyi: an sace wayar ɗansa a bakin layi daren Talata, yana son sanin ko wayar ta sake shiga Wi-Fi ɗina bayan lokacin da ta ɓace. Na ce wannan mai sauƙi ne. Na nemi rajistar Talata sama da ƙasa, babu. Ta Litinin na nan, ta Laraba na nan.

Injiniyan ne ya warware mini yadda aka yi, kuma tun kafin ya gama bayani na ga fuskarsa ta canza. Rajistar Talata an rubuta ta ne agogo na kan kuskure, don haka tambarin lokacinta ya nuna ta fi shekara. Da agogo ya daidaita, layin farko ya ga tsohuwa ce ya matse ta. Shi kuma gzip yana ɗora wa matsattsen fayil tambarin lokacin na asali, ba na ranar matsewa ba. Sai layi na biyu ya zo, ya ga matsattsen fayil da ya wuce kwana 180, ya goge. Rajistar da ba ta kwana biyu a duniya ba, layi biyu suka yi mata wanka da jana'iza cikin minti ɗaya. Kuma `-delete` ba shi da kwandon shara da za ka koma ka tono.

Na ji kunyar maƙwabcin nan ƙwarai. Ban ce rajistar za ta dawo masa da waya ba, amma na yi masa alkawari a gaban mutane na kasa cikawa.

Wa'adin wata uku ya riga ya wuce, amma bai karɓi ko dala ba. Ya ce, "Alhaji, wannan nawa ne. Na ga tsufan injin, ya kamata in duba agogonsa tun ranar farko." Ya sa sabon batir, ya kunna daidaita agogo ta intanet da `timedatectl set-ntp true`, abin da ashe a kashe yake tun fil azal. Ya canza layi na biyu daga `-mtime` zuwa `-ctime`, yadda ƙirgen kwana 180 zai fara daga ranar da aka matse. Ya kuma cire gogewar kai tsaye: yanzu abin da wa'adinsa ya cika wani dosiye ake mayar da shi, ya yi wata guda a can kafin ya tafi. Sikirif ɗin ya zama layi ashirin da biyu. Gyaran ya yi kyau. Sai dai da rajistata aka koyi darasin.

Sauran magana ɗaya, ita ce ta fi tsaya mini a rai. Wani ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke yawan zuwa fotokofi ya ga ina fama da baƙin allo, ya tambayi abin da nake yi. Da na gaya masa sai ya ce, "Baba, ai akwai logrotate, kyauta take zuwa da Debian, aikinta ke nan." Ya nuna mini dosiyen `/etc/logrotate.d` a kan injina, cike da ƙa'idojin sauran rajistocin kwamfutar. Layi kaɗan ne: `daily`, `rotate 180`, `compress`, `delaycompress`, sai umarnin da zai gaya wa rsyslog ta saki tsohon fayil ta kama sabo. Ya ƙara da cewa a Debian ta yanzu agogon systemd, manhajar da ke kula da tayar da ayyukan injin, ne ke tayar da ita, kuma an saita shi ya rama in lokacin ya wuce injin na kashe. Wato matsalar ƙarfe biyun dare da ba ta taso ba. Kuma tunda `rotate` adadin fayiloli yake ƙirgawa ba shekarunsu ba, da wuya mutuwar batir ta ci mini rajistar Talata ta wannan hanya.

Na tari injiniyan da maganar. Amsarsa ita ce logrotate ta fi dacewa da fayil mai suna ɗaya da ita za ta riƙa canza wa suna. Fayilolin da ke zuwa da kwanan wata a sunansu kuwa ba ta iya tafiyar da su da kyau, `find` ya fi. Gaskiya ne. Amma shi ne ya mayar da rajistata mai kwanan wata a suna, da hannunsa, ranar farko. Da na matsa sai ya ce ya fi son abin da ya rubuta da kansa don ya san cikinsa. Na fahimci wannan, tela ma ya fi yarda da ɗinkinsa. Ban kuma ce tsarinsa ba shi da daɗi ba: in ina neman ranar 12 ga wata, sunan fayil kawai nake dubawa. Abin da na riƙe shi da shi, bai gaya mini akwai hanya ta biyu ba, wadda dubban injuna suka riga suka gwada, ya bar ni in zaɓa. Ba na zarginsa da cuta. Ƙuruciya ce da son nuna gwaninta.

Shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Ta biya. Daren farko kaɗai ya cancanci jika ashirin da biyar, don da wani na kira mai cewa "kashe ka kunna", da rajistar wata goma ta bi ruwa. Yana ɗaga waya, yana zuwa a kan lokaci, ba ya ɗora wa inji laifin da yake nasa. Mai Wi-Fi biyu na tura masa a unguwannin Sabon Gari da Zariya, amma kowannensu na ce ya gaya masa tun a bakin ƙofa ƙarfe nawa yake kashe inji, ya sa shi ya duba batirin agogo, kuma ya tambaye shi dalilin da zai hana a yi da logrotate. Na kuma ce kada su yarda a sa layin gogewa sai an fara gudanar da shi da `-print` sun ga jerin abin da zai tafi da idonsu.

Yau da safe `df -h` ya nuna mini kashi 12 cikin ɗari, kuma wata huɗu ke nan yana tsakanin 11 da 13. Abin da ya rage tsakanina da shi takarda ce. Tun ranar ciniki na ce ya rubuta mini, da Hausa ko da Faransanci, abin da kowane layi ke yi da inda ya ajiye shi, don ran da ya samu aiki a Yamai kada in koma gidan jiya. Sau huɗu yana cewa ran Asabar. Na gaji na zauna da ɗalibin nan muka rubuta da kanmu, shafi ɗaya da rabi, na buga na liƙa a jikin kwamfutar da salatif. Layi na goma sha tara ne har yanzu ba mu gane ba, na ja masa layi da jan biro, yana jiran Asabar.